Daga Ƙwayar Ido Zuwa Ƙeya: Ɓarnar da Hawan Jini ke yi wa Jijiyar Gani

Kawuna tela ne, ya fi shekara 30 a kan keke. Wata asuba ya tashi zai yi alwala, ya miƙa hannu ga buta, sai hannun ya wuce ta gefe. Ya rufe idon hagu ya duba da na dama kaɗai, sai ya ga ƙofar ɗaki da rufi tangaran, amma daga ƙugunsa zuwa ƙasa duhu, kamar an ɗago labule daga ƙasa an tsayar a tsakiya. Babu ciwo, babu ja, babu kwantsa. Mako biyu ya yi yana sauya tabarau a kasuwa yana ɗiga abin da maƙwabta suka kawo, kafin aka kai shi wurin likitan ido. Likitan ya ɗiga masa maganin da ke buɗe ɗan ido, ya leƙa ciki, sannan ya tambaye shi: "Baba, yaushe rabonka da a auna jininka?" Kawu ya san yana da hawan jini tun shekaru shida da suka wuce. Maganin yana cikin aljihun keke, ranar da kansa ya sara yake sha.

Tun daga lokacin na lura harshenmu ma yana taimakawa wajen rikitar da wannan magana. Kalmar jijiya ɗaya muke kira da hanyar da jini ke bi, da zaren da ke ɗauke da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, har da agarar ƙafa. Sannan cutar gilakoma mun raɗa mata "hawan jinin ido", alhali ba jini ne ke hawa a cikinta ba, ruwan da ke cikin ƙwayar ido ne ke rasa mafita ya matse. A nan idan na ce hanyar jini, bututun jini nake nufi. Idan na ce jijiya, ina nufin mai ɗaukar saƙo. Dukan maganar a kan dangantakar waɗannan biyun take: ɗaya tana ciyar da ɗaya, kuma hawan jini mai ciyarwar yake fara lalatawa.

Mutum ba da ƙwayar ido kaɗai yake gani ba. Haske yana shiga ya sauka a kan wata siririyar shimfiɗa a bangon ido na baya, ita ce retina. A nan ake mayar da haske ya zama saƙon lantarki. Zaruruwan jijiya kimanin miliyan 1.2 ne ke tattaro saƙon daga kowane lungu na retina, su haɗu su fice ta wata ƙofa da faɗinta kusan milimita 1.5 ne. Wannan damin zaruruwa shi ne jijiyar gani. Tana tafiya kusan santimita 5, sai ta haɗu da 'yar uwarta ta ɗayan idon a wata mararraba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda kaɗan fiye da rabin zaruruwan kowane ido ke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Daga mararrabar su yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan su bazu kamar mafici su nufi ƙeya. A ƙeya ake gani. Kuma saboda wancan tsallakawar, ƙeyar hagu ce ke ganin duk abin da ke damanka da idanu biyun, ƙeyar dama kuma ta ga na hagu.

Doguwar hanya ce, daga fuska har bayan kai, kuma kowane zango yana da masu kawo masa jini daban. Retina tana cikin sassan jiki da suka fi cin iskar oksijin idan aka auna da nauyinta, ga shi hanyar jini guda ɗaya ce tal ke ciyar da sashenta na ciki. Bakin jijiyar gani wasu 'yan ƙananan hanyoyi ne ke kewaye da shi suna ba shi. Ƙeya kuwa jininta ta bayan wuya yake hawowa. Ko'ina aka samu tangarɗa, gani ne zai biya, sai dai kamannin asarar sun bambanta gwargwadon inda abin ya faru.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban ruwa idan ya cika ƙarfi, ba a sakar wa kwami ruwan haka nan, ana rage bakin hanya don kada ya kwashe shuka. Idan ruwan ya yi rauni kuma a buɗe baki sosai. Ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙwaƙwalwa haka suke yi da kansu: jini ya hau su tsuke, ya sauka su saki, don abin da ke isa ga jijiya ya zama daidai kullum. Wannan dabara tana aiki matuƙar hawan na ɗan lokaci ne. Amma idan aka shekara biyar, goma, awo yana sama da 140/90, hanyar da ta daɗe a tsuke sai bangonta ya yi kauri ya sandare, ramin ciki ya ƙanƙance. Daga nan ta rasa abu biyu a lokaci guda. Ba ta iya ƙara tsukewa ranar da jini ya yi mummunan tashi, ba ta kuma iya buɗewa ranar da ya faɗi. A ganina wannan ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce mutanenmu ba a cika yi musu bayaninta ba: jijiyar ganin mai daɗaɗɗen hawan jini tana cutuwa ta sama, tana cutuwa ta ƙasa.

Ido yana da wata baiwa da babu gaɓar da ke da ita, domin nan ne kaɗai likita ke kallon ƙananan hanyoyin jinin mutum kai tsaye ba tare da ya tsaga fata ba. Hermann von Helmholtz na Jamus ya fito da madubin leƙa cikin ido a 1851. Kafin ƙarshen wannan ƙarnin Marcus Gunn ya bayyana alamar da har yau ake kira da sunansa: inda hanyar da ke kawo jini ta gitta kan mai mayar da shi, idan ta sama ta sandare sai ta danne ta ƙasa ta shaƙe ta, kamar an taka tiyo da ƙafa. A 1939 likitoci uku a Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa abin da ake gani a idon mai hawan jini mataki huɗu. A zamaninsu babu ingantaccen magani, kuma abin da suka gani yana da ban tsoro: cikin masu mataki na farko kusan 70 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, cikin masu mataki na huɗu 6 kacal. Magungunan yau sun sauya wannan lissafi ƙwarai. Abin da bai sauya ba shi ne abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ɓarnar da aka gani a retina tana nan a ƙoda da ƙwaƙwalwa. Wani babban nazari a Amurka da aka wallafa a 2001, wanda ya bi mutum sama da 10,000, ya nuna masu ɗigon jini ko fararen tabo a retina haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare su ya ninka sau biyu zuwa uku.

Fararen tabon nan sun cancanci a tsaya a kansu, don su ne hoton jijiya tana jin yunwa. Likitoci suna kamanta su da ɓarɓashin auduga. Kowane zaren jijiya, bayan saƙon lantarki da yake ɗauka, a cikinsa akwai zirga-zirgar kayan abinci da na gyara da ke kai da komo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma zirga-zirgar tana bukatar kuzari. Idan 'yar hanyar jinin da ke ciyar da wani yanki ta toshe, kuzari ya yanke, kayan sai su cunkushe wuri ɗaya kamar motoci a bakin gadar da ta karye, zaren ya kumbura ya yi fari. Bayan makonni tabon yakan ɓace, mai kallo ya ɗauka an warke. Amma wasu zaruruwan sun mutu ke nan, kuma jijiyar gani reshen ƙwaƙwalwa ce, ba ta tofowa kamar fata ko ƙashi. Abin da ya tafi daga cikin miliyan 1.2 ɗin nan ya tafi.

Tun kafin a kai ga tabo ma akwai hanyar gane cewa saƙo ya fara nauyin ƙafa. Ana manna wa mutum 'yan wayoyi a ƙeya, a sa shi kallon allo mai gida-gida baƙi da fari suna musayar wuri, na'ura tana auna lokacin da saƙon ke ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. A mai lafiya babban bugun yana isa ƙeya cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, shi ya sa ake kiransa P100. Nazarce-nazarce da dama, yawancinsu ƙanana, sun tarar wannan bugun yana makara a masu hawan jini, har da waɗanda ke karanta allon gwajin ido har layin ƙasa. Akwai kuma na'urar OCT mai auna kaurin shimfiɗar zaruruwan jijiya a retina, ita ma an ga shimfiɗar tana sirancewa a waɗanda suka daɗe da cutar. Ba ina cewa kowa ya tafi neman waɗannan gwaje-gwaje ba, ba su ne ake fara yi ba kuma ba ko'ina suke ba. Abin da suka koya mana ne ke da muhimmanci: lokacin da mutum ke cewa "ai ni garau nake gani", aikin ɓarna ya riga ya kama.

Abin da ya sami kawuna a bakin jijiyar ya faru, can ƙofar nan mai milimita 1.5. Wuri ne matsattse, wasu ma haka aka halicce su da ƙofar a cunkushe fiye da ta saura. Jini ya gaza isa na ɗan lokaci, zaruruwa suka kumbura, kumburin ya ƙara matse maƙwabtansu a ƙofar da ba ta da sarari, rabin jijiyar ya mutu. Yawanci rabin gani na ƙasa ke tafiya, a ido ɗaya, babu ciwo. Sohan Singh Hayreh, likita ɗan asalin Indiya da ya yi shekaru da dama yana bincike a Jami'ar Iowa, ya lura akasarin masu wannan lalura da farkawa daga barci suke tarar da ita. Bayaninsa shi ne jinin kowa yana sauka cikin dare, to idan hanyoyin sun riga sun sandare ba sa iya buɗewa, saukar da ba ta yi wa mai lafiya komai sai ta bar jijiya da ƙishi har gari ya waye. Ciwon suga da yankewar numfashi cikin barci, irin na masu minshari mai tsanani, suna ƙara haɗarin. Haka nan tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi game da wannan lalura a takardar bayanin ƙwayoyin ƙarfin maza irin su Viagra. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda ke shan su ya faɗa wa likitansa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to maganin hawan jini ne ke makantarwa, ya ajiye. Wannan fahimta ce mai kisa. Hawan da aka ƙyale ne ya sandarar da hanyoyin tun farko. Game da lokacin shan magani kuwa, wani gwaji a Birtaniya mai mutum sama da 21,000 da aka fitar a 2022 ya nuna sha da safe ko da dare bai bambanta ba wajen kare zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka mai matsalar jijiyar gani yana da damar zama da likitansa su zaɓi lokacin da ya dace da shi. Abin da nake tsoro shi ne salon shan da ya zama ruwan dare a gidajenmu: a bar magani wata biyu, ranar da aka auna aka ga ya hau a haɗiye biyu ko uku a kwanta. Jijiya ba ta jure wannan hawa da gangara.

Ko a asibiti haka dokar take. Idan awo ya haura 180/120 har ya fara taɓa gaɓoɓi, bangon ƙananan hanyoyin jini yakan fara yoyo. Jini da ruwa su malala cikin retina, maiƙo ya taru a tsakiyar gani ya yi zane kamar tauraro, bakin jijiya a idanu biyun ya kumbura. Wannan shi ne mataki na huɗu, kuma maganar kwanciya asibiti ce a ranar. Duk da haka likitoci ba sa faɗo da jinin gaba ɗaya. Ka'idar ita ce a yawancin irin wannan hali kada a rage fiye da kashi ɗaya bisa huɗu a sa'ar farko, sauran a bi a hankali, domin an sha ganin waɗanda aka sauke wa jini da gaggawa suka tashi babu gani.

Toshewar manyan hanyoyin retina labarinta gajere ne kuma mai zafi. Idan mai mayar da jini ce ta toshe, sau da yawa a daidai inda Gunn ya nuna, gani yana yin hazo cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma akwai allurar cikin ido da aikin hasken leza da ke taimakawa. Idan mai kawo jinin ce, gani yana ɗaukewa nan take kamar an kashe fitila. Gwajin Hayreh a kan birai ya nuna retina tana jure kusan minti 100, bayan awa huɗu kuwa ɓarnar ba ta gyaruwa. Wani lokaci duhun yakan zo na minti biyar ko goma ya wuce, mutum ya ce jiri ne ko yunwa. Wannan ɗan gudan jini ne ko daskararren kitse da ya ɓalle daga hanyar wuya ya tsaya ya wuce, kuma na gaba yana iya zarcewa ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga haka kada ya kwana a gida.

Can bayan mararraba kuma ido ba ya nuna komai. Idan jini ya yanke wa ƙeyar dama, mutum zai rasa duk abin da ke hagunsa a idanu biyun, alhali ƙwayar idon lafiya lau, hannu da ƙafa ma suna iya zama lafiya. Sai ka ga dattijo yana cin rabin tuwon da ke gabansa ya bar rabi, yana bugun ƙyauren ƙofa da kafaɗa ɗaya kullum, yana karatu layi yana ɓace masa. Da yawa ba su san sun rasa komai ba, wasu kuma su ce idon hagu ne ya lalace. Ka tuna irin wannan mutum yana iya kasancewa a kan babur ko sitiyari da yaran makaranta a gefen titi. Irin wannan rashin gani da ido a buɗe tas shi ke sa a gida a fara zancen sammu ko iska, a ɓata kwanakin da suka fi tsada.

Mata masu ciki suna da nasu babin. Hawan jinin ciki idan ya tsananta, hanyoyin jinin ƙeya ne suka fi saurin gazawa, ruwa ya tsattsafo cikin ƙwaƙwalwa ta baya. Likitoci sun bayyana wannan yanayi a 1996, kuma alherinsa shi ne yawanci gani yana dawowa idan aka sauke jinin aka kula da ita a kan lokaci. Mai ciki da ta ce tana ganin walƙiya ko taurari, ko gani ya yi mata dishi-dishi tare da ciwon kai, jijjiga ce ke sallama. Ba maganar a jira mai gida ya dawo daga kasuwa ba ce. Akwai kuma gani biyu-biyu da ke zuwa kwatsam idan ƙaramar jijiyar da ke juya ƙwayar ido ta rasa jini. Wannan yakan warware cikin kamar wata uku, amma sai likita ya tabbatar ba wani abu ne mafi muni ya ɓoye a bayansa ba, musamman idan fatar ido ta faɗo ko akwai ciwon kai.

Mu koma kan "hawan jinin ido". Matsin ruwan ido na mai lafiya yana tsakanin 10 da 21, kuma awon hannu ba ya faɗin komai a kansa, na'urarsa daban. Mutum yana iya samun ɗaya babu ɗaya. Inda suka haɗu shi ne a bakin jijiyar nan dai: jini yana turowa daga baya, ruwan ido yana dannewa daga gaba, abin da jijiya ke samu shi ne ragowar da ke tsakani. Idan ruwan ido ya hau, jinin dare kuma ya faɗi ƙwarai, ragowar ta ƙanƙance. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya sa gilakoma a matsayi na biyu bayan yanar ido, da kusan kashi 17 cikin 100 na makanta. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo, gilakoma kuwa jijiya take ci. Don haka mai cututtukan biyu ya kamata likitan idonsa ya san abin da likitan jininsa ya rubuta, shi ma wancan ya san abin da ake ɗigawa, domin wasu magungunan ɗigawa na gilakoma suna rage bugun zuciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 manya kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba. A wurinmu ina ganin matsalar ta wuce rashin sani, don kawuna ya sani. Abin da ba a taɓa faɗa masa ba shi ne cutar tana da hanya zuwa idonsa, kuma tela idonsa ne jarinsa. An ce masa ya rage gishiri, ba a ce masa ma'aunin da hukumar ta bayar bai kai giram 5 a yini ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin. A shekara shida babu wanda ya tura shi a leƙa bayan idonsa, gwajin da bai wuce ɗiga magani da jiran rabin sa'a ba, wanda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa da sauran asibitocin ido. Mai sayar da tabarau zai iya gyara maka yadda haske ke sauka a retina, amma ba shi da abin da zai gani ko ya yi game da abin da ke bayanta.

Idon kawu na dama bai dawo ba, rabin nan na ƙasa yana nan a rufe. Likitan ya gaya masa gaskiya cewa wanda abin ya sama a ido ɗaya, ɗayan ma yana cikin haɗari, aikin yanzu tsare na hagu ne. Ya sayi na'urar awo, yana rubuta lambobin a bayan littafin da yake rubuta awon kaya, yana shan magani kullum bayan karin safe ko kai ya sara ko bai sara ba, kuma duk wata shida yana komawa a leƙa idon. Ya koma kan keke, sai dai zare yanzu yaron shagonsa ne ke zura masa a allura.